Koyar da Karatu Rukuni-Rukuni da Takaicin Malamin Firamare a Ƙasar Faskari

Tafoki mazaɓa ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Faskari, can kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda ƙasar Katsina ta haɗa iyaka da ƙasar Zamfara. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma zamansu kusan iri ɗaya ne. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da auduga da waken suya, wadda kuma 'yan bindiga suka hana ta sakat shekara da shekaru. A irin wannan wuri ne wannan maƙala za ta duba wani al'amari da ya shafi aji da alli, wato umurnin da hukumomin ilmi kan ba malaman firamare cewa su daina koyar da karatu da murya ɗaya ga aji baki ɗaya, su kasa yara rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi abin da ya dace da matakinsa. Umurni ne mai daɗin ji. Amma sau da yawa malamin ƙauye yakan karɓe shi da ɓacin rai, masu sa ido kuma sukan fassara wannan ɓacin rai da lalaci ko ƙin sabon abu. Wannan fassara ba ta yi wa malamin adalci ba, domin kuwa idan aka bi diddigi za a tarar ba dabarar yake ƙi ba. Abin da ke ɓata masa rai shi ne yadda ake ɗora masa ita.

Abin da ake nema a wurin malami

Tushen maganar gaskiya ce wadda ba mai musunta. Yaran da ke zaune a aji ɗaya ba su zama daidai wajen karatu. A aji uku guda ana iya samun wanda ba ya bambance *b* da *d*, da wanda ya san baƙaƙe amma ba ya iya aura musu wasali, da wanda yake haɗa gaɓa da gaɓa da ƙyar har ya manta farkon kalma kafin ya kai ƙarshenta, sannan ga 'yan ƙalilan da ke karanta labari su gane abin da ya ƙunsa. Idan malami ya rubuta sakin layi a allo, ya karanta, aji ya amsa, to waɗannan 'yan ƙalilan kaɗai yake koyarwa. Sauran amshi suke yi. Suna iya rera shafi guda daga farko har ƙarshe, amma da an nuna musu kalma ɗaya daga tsakiya sai su yi shiru.

Girman wannan matsala ya fito fili a shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi musu tanadi. Amma sai daga baya aka fara auna ta da ma'auni. A wani gwajin karatun Hausa da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011, an tarar mafi yawan 'yan aji uku da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Irin wannan sakamako ne ya jawo shirye-shiryen gyaran koyar da karatu zuwa Arewa ɗaya bayan ɗaya. A 2015 aka fara shirin RANA a jihohin Katsina da Zamfara, ƙarƙashin shirin ilmin 'ya'ya mata na Asusun Tallafa wa Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin gwamnatin Ingila. Shi ne ya kawo littafin ɗalibi na Hausa da kuma littafin jagoran malami, wanda a cikinsa aka tsara darasi daki-daki. A wajen wannan lokaci kuma Bauchi da Sakkwato suka sami nasu shirin, mai suna Mu Karanta, da tallafin Amurka.

Ita kuwa dabarar kasa yara bisa matakinsu, a sigar da ta fi shahara yanzu, daga ƙasar Indiya ta taso, a hannun wata ƙungiya mai suna Pratham. Tsarinta mai sauƙi ne. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, da baki, a ga inda ya tsaya a kan tsani mai hawa biyar: wanda bai san komai ba tukuna, da mai baƙaƙe, da mai kalma, da mai sakin layi, da mai labari. Daga nan sai a manta da shekarun yaro da ajinsa na ɗan lokaci a kowace rana, a zaunar da shi tare da takwarorinsa na mataki, a yi ta aiki da su har su hau hawa na gaba. An jarraba wannan dabara a Jihar Borno a 2018, sannan a 2019 aka ƙaddamar da ita a Jihar Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da sunan KaLMA, domin 'yan aji huɗu zuwa shida. Ko a inda ba a kai shirin da sunansa ba, kalmominsa sukan riga shi isa ta bakin masu ba da bita da masu duba makarantu. Ga shi kuma tun a kwalejin horon malamai an sha gaya wa malami ya kula da bambancin da ke tsakanin ɗalibansa. Saboda haka malamin wani ƙauye a mazaɓar Tafoki yana iya wayar gari da umurnin kasa yara rukuni-rukuni, ba tare da ko ɗaya daga cikin kayan aikin da suka raka umurnin a wasu wurare ba.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Kafin a shiga dalilan takaicin malami ya kamata a kawar da wani zato, wato cewa wannan dabara baƙuwa ce shi ya sa ake ƙyamarta. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san ba haka ba ne. A zaure ɗaya, ko a gindin bishiya ɗaya, akwai mai babbaƙu, da mai farfaru, da mai hajjatu, da wanda ya yi nisa a izu yana shirin sauka. Kowa da allonsa, kowa da inda yake. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya biya abin da ke allonsa malam ya gamsu, sannan ya wanke a rubuta masa sabo. Ba a taɓa jin an ciyar da kolo gaba don kawai shekara ta zagayo ba. Kusan duk malamin firamaren da ke wannan yanki ta nan ya bi tun yana ƙarami, wasu ma har yanzu suna da makarantar allo ko Islamiyya da suke koyarwa da yamma. Mutumin da ya tashi a wannan tsari ba ya bukatar a taso daga Abuja a sanar da shi cewa yara ba su tafiya daidai.

Abin lura shi ne dalilan da suka sa tsarin ya zauna da gindinsa a makarantar allo. Na farko, babu zango kuma babu ranar da aka yanka za a kammala manhaja. Yaro yana iya shafe wata biyu a babbaƙu, wani ya shafe shekara, ba mai tuhumar malam. Na biyu, kayan karatun kowane yaro nasa ne na kansa, kuma ba su da tsada: allo, da tawada, da alƙalamin kara. Malam ba ya jiran a aiko masa da littafi daga birni kafin ya ba yaro darasin da ya dace da shi, rubuta masa yake yi nan take. Na uku, malam ba shi kaɗai yake aiki ba. Titibirai da gardawa suna biya wa na ƙasa da su, ta yadda makaranta mai almajirai 100 tana iya samun masu koyarwa 10 ba tare da an biya kowa albashi ba. Sannan, wanda ya fi duka muhimmanci, malam shi ke da iko da makarantarsa. Shi ke yanke hukuncin wanda ya isa ƙari da wanda bai isa ba, kuma ba wanda zai zo ya duba littafinsa ya ce ya makara.

Ba a ce tsarin allo ba shi da nasa rauni ba. Yakan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma a matakin farko ya fi mai da hankali ga furuci da hadda bisa ga fahimtar ma'ana. Amma dai ya nuna sharuɗɗan da koyarwa bisa mataki ke bukata: lokaci sakakke, da kayan karatu na kowane mataki, da mataimaka, da izini. Malamin firamare an ba shi umurnin, an hana shi waɗannan abubuwa huɗu.

Taura biyu a baki ɗaya

A ɗauki misalin malamin aji uku mai yara 90, adadin da ba zai ba kowa mamaki ba a makarantun gwamnati na Arewa, ko da yake Manufar Ilmi ta Ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ta tanada. Kafin ya kasa su sai ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan kowane yaro ya ci minti 3 kacal, gwajin zai ci minti 270, wato awa huɗu da rabi. Idan tsawon darasi minti 35 ne, kusan darasi 8 ke nan sun tafi, kuma a duk wannan lokaci sauran yara 89 suna zaune ba mai kula da su. Ba kuma sau ɗaya ake gwajin ba, sai an riƙa maimaita shi domin a ga wanda ya hau da wanda ya tsaya. To a ce ya gama, ya sami rukuni 4. A cire minti 5 na tashi da zama da rigimar wuri, kowane rukuni zai sami minti 7 da 'yan kai na hankalin malam. Sauran lokacin ana sa ran su yi aiki da kansu, alhali kuwa rukunin da ya fi yawa shi ne na waɗanda ba su san baƙaƙe ba, waɗanda ba abin da za su iya yi da takarda idan babu babba a kansu. Ɗakin kuma ɗaya ne, allon bango ɗaya, yara a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa.

Wannan duk da sauƙi. Babban abin da ke ci wa malami tuwo a ƙwarya shi ne cewa tsohon umurni bai janye ba da sabon ya zo. Har yanzu akwai tsarin aikin zango, wanda ya fayyace abin da za a koyar a mako na ɗaya, da na biyu, har zuwa ƙarshe. Har yanzu hedimasta yana sa hannu a littafin shirin darasi, mai duba makarantu kuma idan ya zo abin da yakan fara tambaya shi ne ko malam yana kan makon da ya kamata. Jarrabawar ƙarshen zango ɗaya ce ga aji duka, kuma daga manhajar aji uku ake fitar da ita, ba daga matakin da yaro yake ba. Idan malami ya tsaya ya koya wa rabin ajinsa *ba, bi, bu*, wanda aikin aji ɗaya ne, to a takarda ya yi sakaci da manhaja. Idan kuma ya bi manhaja, a takardar ɗaya hannun ya ƙi bin sabon tsari. Taura biyu ba ta taunuwa, amma ita aka miƙa masa, kuma ko wacce ya furzar za a rubuta masa laifi.

Hatta littafin jagoran malami, wanda ya taimaka ƙwarai wajen ba malamin da bai sami horo ba hanyar da zai bi, yana ƙara wannan sarƙaƙiya. Hikimar irin wannan littafi ita ce aji ya tafi tare, darasi bayan darasi, baƙi bayan baƙi. Hikimar kasa yara kuwa ita ce kada a tafi tare. Kowace tana da inda ta fi amfani: ta farko a aji ɗaya da biyu, inda yara ke farawa daga wuri guda, ta biyu kuma a manyan azuzuwa, inda tazara ta riga ta buɗe. Amma bita ba kullum take fayyace wannan ba. Malami ɗaya yana iya halartar bitar kwana uku a kan wannan, bayan shekara ya halarci wata a kan waccan, daga masu tallafi daban-daban, kowa da nasa littafi da nasa fom, kuma ba wanda zai ce masa ga wanda ya soke wani. Shiri yakan ƙare da ƙarewar kuɗinsa, littattafai su yage ba a sake bugowa ba, amma fom ɗin da ya bari yakan daɗe ana cika shi.

Abin da aka gani a Indiya

Abin sha'awa shi ne waɗanda suka ƙirƙiro dabarar sun riga sun ci karo da wannan matsala, sun kuma auna ta. Daga cikin masanan da suka yi aiki da Pratham akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2019. Tsakanin 2008 da 2010 an jarraba tsarin a jihohin Bihar da Uttarakhand. A inda aka ba malaman gwamnati horo da kayan aiki, aka ce su yi amfani da su a cikin zango kamar yadda suka ga ya dace, kusan ba abin da ya sauya. Malaman sun koma ga manhaja, domin ita ce ake tambayarsu. Amma a Bihar ɗin, da aka shirya karatu na musamman a lokacin hutu, inda babu manhajar da ake tsere da ita, malaman gwamnati ne suka koyar, yara kuma suka ci gaba a fili. Wato ke nan ba iyawa malaman suka rasa ba.

A 2012 zuwa 2013 sai aka sake salo a Jihar Haryana. Gwamnati da kanta ta ware awa ɗaya a kowace rana a cikin jadawali, aka ce wannan awa ba ta manhaja ba ce. A cikinta ake tattaro yaran azuzuwa daban-daban a sake raba su bisa mataki, kowane malami ya ɗauki mataki guda maimakon ya yi ta kai da komo tsakanin rukunoni. Jami'an da za su sa ido kuma sai da aka sa su suka koyar da yara da hannunsu na wasu kwanaki kafin a tura su duba wani. A wannan karo aka ga sakamako. Bambancin bai wuce abubuwa uku ba: lokaci da aka keɓe, da izini a rubuce, da mai sa ido wanda ya ɗanɗana aikin. Su ne kuma abubuwan da sukan zube a hanya kafin umurni ya taso daga hedikwata, ya bi ta ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, ya iso ƙauye.

Inda harshen kansa ya shigo

Akwai wani ɓangare na wannan matsala da ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye, wanda kuma ba a cika tattauna shi ba. Ana yawan cewa Hausa tana da sauƙin karantawa domin kowane baƙi sautinsa ɗaya. Akwai gaskiya a ciki idan aka kwatanta ta da Turanci. Sai dai rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Idan aka rubuta *gari* ita kaɗai a kati, ba wanda ya san ko na zama ake nufi ko na tuwo. Haka *fari*, ko launi, ko rashin ruwan sama. Haka *kai*, ko wakilin suna, ko sashen jiki, ko aikatau. Babba ba ya jin wannan wahala domin jimla ce ke faɗa masa. Amma yaron da aka ajiye a matakin kalma, ana nuna masa kalmomi tsirara ba jimla, shi aka bari da cankar. Yana iya furta baƙi da wasali daidai, kalmar ta fito masa ba ma'ana, domin bai ja inda ya kamata a ja ba. Malamin da ke gwada shi sai ya rasa a wane hawa zai rubuta shi.

Bugu da ƙari, ginin kalmar Hausa a kan gaɓa yake. Tsakanin sanin baƙi da karanta kalma akwai babban mataki, wato aura wa baƙi wasali, wanda shi ne makarantar allo ta ware wa suna na musamman ta ce farfaru. A nan ne yara da yawa kan maƙale, kuma duk ma'aunin da ya tsallake wannan hawa zai tara yara masu bukatu daban-daban a rukuni ɗaya. Ga baƙaƙe masu ƙugiya, *ɓ* da *ɗ* da *ƙ*, waɗanda ga idon yaro ba su da wani bambanci da *b* da *d* da *k* in ban da ɗan lanƙwasa, ga kuma masu goyo irin su *sh* da *ts* da *ky* da *gw* da *ƙw*. Yaron da ya san baƙaƙe 20 amma bai san waɗannan ba, shin mai baƙaƙe ne ko kuwa bai kai ba? Fom ba shi da gurbin wannan tambaya.

Sai kuma maganar karin harshe. Littattafan makaranta da Daidaitacciyar Hausa ake rubuta su, wadda ta fi kusa da Kananci. Yaron ƙasar Faskari kuwa Hausar yamma yake ji a gida, mai kusanci da ta Zamfara. Yana iya ganin *fara* ya karanta *hwara*, ya ga *'ya* alhali shi *ɗiya* ya sani. Wanda ya karanta *hwara* ya karanta daidai, har ma ya nuna ya gane kalmar, tun da ya mayar da ita bakinsa. Amma mai gwaji da ba a wayar masa da kai ba yana iya lissafa masa kuskure, ya sauko da shi hawa guda. Ban da wannan akwai 'ya'yan Fulani da ke tashi da Fulatanci a gida, waɗanda matsalarsu ba ta baƙi da wasali ba ce kaɗai.

A kan wannan duka sai ga manufar harshe ita ma tana sauyawa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita hakan zuwa shekaru 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar janye wannan manufa, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa. Malamin da aka ce ya kasa yara bisa iya karatunsu yana da haƙƙin ya tambaya: karatun wane harshe? Yaron da ke hawan labari a Hausa yana iya kasancewa a hawan baƙaƙe a Turanci.

Rukunin da ba ya zama

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ana iya samunsa a kowace jiha ta Arewa. Abin da ya keɓanta da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa shi ne rukunin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Dama can damina takan janye yara zuwa gona, kaka ta janye su zuwa girbi da ɗibar auduga, ranar kasuwa kuma talla ta kwashe 'yan mata. Rashin tsaro ya zo ya ninka wannan. A watan Yuni na 2020 aka kai mummunan hari ƙauyen Kadisau a ƙasar Faskari. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekara aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa aka rufe makarantu, bayan kuma dama annobar korona ta riga ta cinye watanni daga shekarar karatu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da waɗannan uku. Ƙauyuka sun watse, wasu makarantu sun zama kufai, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira.

Ma'anar wannan a cikin aji ita ce yaron da aka gwada a farkon zango aka sa shi a hawan kalma yana iya ɓacewa wata uku, ya dawo ya koma hawan baƙaƙe. A gurbinsa kuma wasu biyar sun shigo daga ƙauyen da aka tasa, waɗanda rabonsu da aji shekara biyu, an zaunar da su a aji huɗu saboda tsawonsu. Babu inda ake bukatar koyarwa bisa mataki kamar nan, kuma babu inda ta fi wuyar aiwatarwa. Malamin da kansa wataƙila daga Funtuwa ko cikin garin Faskari yake zuwa a kan babur, yana lissafin lokacin da hanya ke da aminci. Mai sa ido kuwa, wanda ya kamata ya zauna a aji ya taya shi, sau da yawa ba ya iya zuwa, sai dai a aika masa da fom. Daga nan ne ake samun abin da kowa ya sani amma ba a faɗa: jerin sunayen rukunoni a manne a bango, da alƙaluma masu hawa kowane wata, alhali karatu yana nan yadda yake, malam na faɗa yara na amsawa. Ba a yabi mai cika fom da ƙarya ba, amma wanda ya nemi alƙaluma bai nemi ganin aji ba shi ma yana da nasa kaso.

Wani abin da ke ƙara wa malami ƙunci, wanda ba ya son furtawa, shi ne ba a taɓa koya masa yadda ake koyar da karatun farko ba. Tun da aka daina horon malamai masu daraja ta biyu, aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shedar koyarwa, malamai da yawa darussa biyu suka karanta a kwaleji, irin su Hausa da Addinin Musulunci, ko nazarin zamantakewa. Wanda ya karanta Hausa ya san nahawu da waƙa da zube, yana iya feɗe jimla har ƙashinta, amma yadda za a ɗauki yaro ɗan shekara 6 daga sauti zuwa gaɓa wani fanni ne daban. Sassan Hausa na jami'o'i ma ba su kuɓuta daga wannan zargi ba.

A makarantar da ke da malamai uku masu zuwa kullum, hanyar Haryana mai yiwuwa ce ba tare da ƙarin kuɗi ba: a ware awar farko ta safe, a haɗa aji huɗu da biyar da shida, kowane malami ya ɗauki hawa ɗaya ko biyu. Amma hedimasta ba zai taɓa jadawali da ikon kansa ba, sai da takarda daga sama wadda za ta kare shi ranar da mai duba makarantu ya zo. Sai kuma an yi dabara da ƙaton yaro ɗan aji shida wanda zai gwammace ya bar makaranta da a zaunar da shi cikin ƙannensa yana *ba, bi, bu*. A makarantar da malamai biyu ke riƙe da aji shida kuwa, babu mataimaki sai yaran da suka iya, kamar yadda gardi ke biya wa kolo.

Su ma waɗannan ƙananan gardawa sai da abin da za su riƙe a hannu. Tsakanin littafin koyon baƙaƙe irin *Ka Koyi Karatu* da littafi irin *Magana Jari Ce* akwai tazara mai faɗi, kuma gajerun labarai na Hausa da aka tsara hawa-hawa ba su isa ƙauye yadda ya kamata ba. Rubuta su ba ƙaramin aiki ba ne kamar yadda ake zato. Duk ɗalibin Hausa da ke shakka ya gwada tsara labari mai kalma 60, mai farko da ƙarshe da abin dariya a tsaka, wanda babu baƙi mai ƙugiya a cikinsa, babu mai goyo, babu gaɓa mai rufi, kuma babu kalmar da yaron Tafoki zai karanta ta ba shi ma'ana biyu. Tun a jimla ta biyu zai tarar ba shi da ikon rubuta *ɗaya*, ko *shi*, ko *ƙauye*, ko *kwana*.